Gadar da ta sauka kan shagonsa

Ranar da ta fara ganinsa, ji ta yi kamar ta jefe shi da rular da ke hannunta.

Tana tsaye a ɗakin taro tana nuna wa jama'a taswirar sabuwar unguwar da ta zana. Ga tashar jirgin ƙasa a tsakiya, shaguna a ƙasan benaye, gidajen kwana a sama, ga asibiti, ga makaranta. Ta zagaye su duka da jan layi.

"Duk wanda ke cikin wannan da'irar, minti biyar ya kai tasha a ƙafa," in ji ta.

Sai wani dogon saurayi ya miƙe daga baya.

"Malama, gidanmu da shagona suna cikin da'irarki. Jiya na raka mahaifiyata tasha, minti ashirin da uku muka yi. Gyaran agogo nake yi, ba na kuskuren minti. Ko ta sama kike so tsohuwar ta bi?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Wata huɗu tana wannan zanen, amma wani ya zo ya yi mata haka a bainar jama'a!

Washegari ta taka a ƙafa daga tasha zuwa shagonsa don ta ƙaryata shi. Ashe katangar layin dogo ta raba unguwar biyu, sai an zagaya can ƙarshenta ake tsallakawa. Ta isa shagonsa gumi sharkaf, takalminta duk ƙura. Ya ɗago daga kan ƙaramin teburinsa, gilashin aiki maƙale a ido ɗaya.

"Nawa kika yi?"

"Ashirin da biyar," ta ce tana hararsa. "Kuma kada ka kuskura ka yi dariya."

Bai yi ba. Kujera ya jawo mata, ya miƙo ruwan sanyi.

Daga ranar ta zama Mai Da'ira, shi kuma Sarkin Ƙorafi, har tsokanar ta koma soyayya. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: "Mai Da'irata, yau wa za ki sa ya yi fiffike?" Ita kuma ta mayar: "Kai. Ka taso ka zo, na yi kewarka."

Ta ƙara gadar masu tafiya a ƙasa a cikin zanen. Ta auna ta gabas, ta auna ta yamma, wuri ɗaya ne kawai ƙafar gadar za ta iya sauka, wato kan shagonsa. Kwana uku tana juya maganar kafin ta shimfiɗa masa takardar.

Ya daɗe yana kallo, yana shafa gefen teburin da ya gada wurin mahaifinsa.

"Zana ta," ya ce a hankali. "Amma ki yi mini alkawari, kada Abbanki ya ji. Wane uba ne zai ba mutumin da ba shi da wurin sana'a 'yarsa?"

Ta yi alkawarin, idonta cike da hawaye.

Akwai wani Injiniya a ofishinsu wanda ya daɗe yana nemanta, Abba kuma yana sonsa. Shi ya fara yaɗa cewa don saurayinta ta zana gadar, wai don ta kwararo masa masu ciniki har ƙofar shago. Ya kai maganar har gida wurin Abba, da sunan gaisuwa.

"Ni za ki zubar wa mutunci?" Abba ya ce, yana buga hannun kujera. "Aikin jama'a kika mayar kayan toshi? Ba da yawuna ba wannan auren!"

Amsar na bakinta. Kalma ɗaya za ta wanke ta, kalmar kuma ita ce za ta nuna wa Abba cewa shagon ma rushe shi za a yi. Ta haɗiye, ta shige ɗaki tana huci.

Tana zama saƙon Sarkin Ƙorafi ya shigo: "Na ji abin da ake faɗa a kanki saboda ni. Ki riƙe sunanki da gadarki, ni na janye. Ki yafe mini, masoyiyata."

Nan ne ranta ya gama ɓaci. Wannan ya yi mata ƙage, wancan ya yanke hukunci bai tambaye ta ba, shi kuma gogan ya janye ta waya, kamar mai fasa ɗinki wurin tela! Ta rubuta: "Wa ya ba ka izinin janyewa? Ka saka rigarka mai kyau ka zo gidanmu yanzu. Alkawarin nan yau zan karya shi, a gabanka."

Ya zo, yana ta raɓe-raɓe a bakin falo. Injiniya ma yana nan, ya harɗe ƙafa. Ta baza taswirar a gaban Abba, ta ɗora yatsa.

"Abba, ka ga wannan ɗigon? Shagonsa ne. Ka ga abin da ke kansa? Ƙafar gada ce. Rushe shi za a yi. Ya sani, shi ya ce in zana. Injiniya ma ya sani, ai da hannunsa ya sa wa takardar hatimi."

Injiniya ya sauke ƙafarsa, ya shiga laluben makullin mota.

Abba ya gyara tabarau, ya dubi takardar, ya dubi saurayin.

"Kai, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Abba."

"To da me za ka riƙe mini ita?"

"Da hannuna, Abba. Teburi ɗaya kawai nake buƙata."

Abba ya ajiye takardar. Can ya juyo gare ta a fusace.

"Ke kuma kika bar ni ina zagin mutumin kirki a gidana? Akwai ɗakin nan na bakin ƙofa, tarkace ne kawai a ciki. Ya kawo teburinsa. Kai kuma ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mahaifiyar ango ta rungume amarya tana kuka tana sa albarka. Abba ya riƙe hannun ango, ya ƙi saki.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Amma ka ji shawarata, ɗana. Duk ranar da ta ce ka saka riga ka zo, kada ka tsaya tambaya. Ni ma yanzu haka nake yi."