Tsinken da Kaka Ta Sa

A wani zamani an yi wata yarinya mai karanta wa kakarta makauniya littafin wani dodo mai kai bakwai, wanda ke haɗiye ƙauyuka amma yana tsoron kyankyaso. Kullum da la'asar sukan karanta, sannan Kaka ta sa tsinken tsintsiya inda suka tsaya.

Ranar da dodo ya wage baki zai haɗiye jarumar labarin, sai tafiyar biki ta kama Kaka. Ta ce, "Jikalle, kada ki wuce tsinken nan sai na dawo."

Ranar farko yarinya ta shafa littafin, ta bar tsinke. Rana ta biyu ta buɗe, ta runtse ido, ta bar tsinke. Rana ta uku har kuka ta yi, ta bar tsinke.

Da Kaka ta dawo, yarinya ta ɗora karatu, muryarta na rawa. Ko kaji sun yi tsit. Sai ga kyankyaso ya fito daga aljihun jaruma, kawuna bakwai suka kurma ihu tare! Yarinya da Kaka suka tuntsire da dariya.

Kaka ta share hawaye ta ce, "Ba sai na laluba tsinke ba. Wanda ya leƙa gaba, muryarsa ba ta rawa haka."