Da Sauƙin Daouda

"Ba huruminmu ba ne."

Abin da alƙalin Lyon ya faɗa ke nan, ya rufe takardun saurayina Daouda, ya ce a kai su Paris.

Paris ɗin da ta turo mu nan bara!

Na fito na zauna a bencin bakin kotu, ni kaɗai. Na kira Daouda a waya.

"Hapsatou... ki haƙura da ni," ya ce kafin ma in gama sallama. "Inna Ache ta kira ni. Ta ce kin karɓi goron Youssouf. Allah ya sanya alheri."

Ya kashe wayar.

Goron wa? Youssouf mai motar kaya, wanda ko gaisuwarsa ban cika amsawa ba? Inna Ache ƙanwar mahaifiyata ce, a hannunta nake a hawa na sha ɗaya na wani bene a unguwar Minguettes, gefen Lyon, kuma tun ranar da Daouda ya faɗo daga motar shara take neman hanyar raba mu. Kullum waƙarta ɗaya: "Wa zai ba da 'ya ga mutumin da hukuma biyu ke jifa da shi?"

Gaskiya ce mai ɗaci. Wata hukumar tsafta ta gefen Paris ce ta ɗauke shi aiki, ta ba da aronsa ga ta gefen Lyon na wata shida, a 2011. A nan muka haɗu a tashar taram, jirgin cikin gari, a nan kuma bayansa ya samu rauni. Shekara uku ke nan hukumomin biyu na gardamar wacce za ta ɗauki nauyin jinyarsa. Shi kuma ya rantse ba zai aure ni ba sai ya san matsayinsa. Ya koma ɗan ɗakinsa a Stains, can gefen Paris, ni kuwa na zauna ina kallon fitilun unguwa ta taga, ina jin kewa har cikin ƙashina.

Madam Françoise, lauyarsa, ta zo ta zauna kusa da ni. Ta buɗe takardun.

"Ki duba nan. Likitan Lyon ya gan shi sau huɗu kafin ya koma Paris. Duk sau huɗun ya rubuta: mara lafiya ya ce ya ji sauƙi. Shi ya sa Lyon ke cewa lafiya lau ya bar su, ciwon yanzu na Paris ne. Paris kuma na cewa a Lyon ya faɗi. Me ya sa ya ce ya warke?"

Na dafe kaina.

Ta yaya zan yi wa Bafaranshiya bayani cewa mutumin Damagaram ko yana bakin kabari aka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce?

Washegari da asuba na hau jirgin ƙasa. Inna Ache ta bi ni har bakin lif tana cewa, "In kin tafi, kada ki dawo mini!" Ban juyo ba. Awa biyu ina kuka a hankali, babu wanda ya kalle ni.

Na same shi kwance a ƙasa, a kan bargo, don katifa ta gagare shi. Ya rame. Ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa.

"Sannu, Daouda. Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillah."

Wallahi ban san lokacin da na jefar da jakata ba.

"Da sauƙi? Kana kwance a ƙasa, ka kasa ɗaga kofin shayi, kana ce mini da sauƙi! Ka san wannan da sauƙin naka ne ya cinye mana shekara uku?"

"Hapsa, ba a kai ƙarar Allah wurin mutum..."

"Likita ba ƙara ake kai masa ba, masoyi, ciwo ake gaya masa! Kuma ni ban karɓi goron kowa ba. Jamais, faufau! Ka tambaye ni? Ka kashe mini waya kamar baƙuwa."

Ya juya fuskarsa bango. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Na ji kunya ne," ya ce. "Me zan ba ki? Ko ɗankwali ban iya sunkuyawa in ɗauko miki ba."

"Ni zan sunkuya. Kai dai ka daina korata."

Bayan sati uku aka ɗaura aurenmu a masallacin unguwarsu, Kawu Adoum mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris ya yi mini walicci. Inna Ache ba ta zo ba, har yau kuma ba ta ɗaga wayata. Wannan yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Kotu ba ta yanke komai ba tukuna, amma Madam Françoise ta samo mana sabon likita. Na zauna gefen mijina. Likitan ya gyara tabarau ya ce, "Alors monsieur, ça va?" Wato, ya jikin?

Na ga bakin Daouda ya fara haɗa amsar da ya saba. Na taka masa ƙafa.

Ya kalle ni, sannan ya juya ga likitan.

"Non, docteur," ya ce, muryarsa na karyewa. "Shekara uku ban yi barci ba."

Likitan ya ɗauki biro ya fara rubutu.