Abin da Direba Ya Gani ta Madubi

Tun a ƙofar otel Auta ta ji direban nan bai kwanta mata ba. Dogo ne, wuyan rigarsa ya koɗe, ga baki kamar rediyo. Da ya ji tana yi wa Baba Hausa sai ya washe baki ya gaishe su, ya ce ai shi ma ɗan gida ne, karatu ya kawo shi ƙasar, ya ƙare a tuƙa 'yan yawon buɗe ido. Ya karɓi jakar Baba hannu bibbiyu. Wajenta kuwa ko kallon arziki bai samu ba.

Baba ne ya matsa a yi tafiyar. Tsohon malamin tarihi ne, tun rasuwar Mama bai ƙara marmarin komai ba, sai kwatsam ya ce yana son ganin tsofaffin ƙauyukan dutsen da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da labarinsu daga littafi. Yayyenta sun yi aure sun watse, ita kaɗai ta rage masa, ita ta rako shi.

Ƙauyukan kam akwai kyau, amma irin kyan da ke sanyaya jiki. Lunguna matsattsu shimfiɗe da dutse, ƙofofin katako da kwaɗo ya yi tsatsa a jikinsu, makarantar da aka mayar gidan tarihi don babu yaran da za su zauna. Matasa duk sun gudu birni. Tsofaffi ne kawai a bakin ƙofa suna bin baƙi da ido.

Shi kuma direba bakinsa ba ya hutawa. Da ma tarihi yake bayarwa da sauƙi, abin da kowa ke gani yake ta faɗa: ga rijiya a dama, Baba, igiya ta cinye bakinta, ga matakala nan gaba, ta ɗan karkace, rufin can ja ne, na kusa da shi ya rufta. Kullum yana manne da kafaɗar Baba. Auta tana baya da wayarta tana ɗaukar hoto, haushi kamar ya kashe ta. Ta laƙaba masa Sarkin Surutu, ya ce ya gode da naɗi, 'Yar Baba.

To, zuciya ba ta da kunya. Daga tsiwa aka koma tsokana, daga tsokana aka koma hira, har ta kai saƙonsa take fara dubawa da safe.

"'Yar Baba, kin tashi lafiya? Na wanke mota, kujerarki har turare ta samu. In kin yi mini murmushi yau, zan yi shiru har mu isa."

"Ba za ka iya ba, Sarkin Surutu."

"Gaskiya ne. Amma don ke zan gwada."

Da direba ya nemi izinin turo manyansa neman aurenta in sun koma gida, Baba ya ɗaure fuska tamau. Ya ce 'yarsa ba za ta zauna wata uwa duniya ba, kuma ga ɗan Gwaggo mai kemis, layinsu ɗaya, ya daɗe yana zarya. Auta ta riƙe baki, don da Baba ko sunan mai kemis ba ya son ji. Washegari Baba ya ce direba ya tsaya a mota, ba ya bukatar rakiyar kowa.

Ƙauyen ranar a kan tudu yake. Auta ta yi gaba tana kumbure-kumbure, Baba na biye da baƙin gilashinsa yana ta masha Allah. Ƙarar faɗuwa kawai ta ji. Ta juyo ta gan shi a ƙasan matakala, goshi ya fashe, jini na bin gemunsa, yana laluben gilashin. Ga shi nan dab da gwiwarsa, rana tsaka, amma hannun can wani wuri yake nema. Ta kira direba a waya.

Direba ne ya goyo shi zuwa mota. A ƙaramin asibitin garin likita ya ɗinke goshin, ya haska idanun, ya ce jijiyar ta kusa gama mutuwa, ɗan ganin da ya rage ba zai daɗe ba, kuma mai idon ya sani tuntuni.

A baranda ta tare direba. "Ka sani."

Bai musa ba. Ya ce tun ranar farko ya gani ta madubi, Baba yana yabon tsauni alhali bayan wata babbar mota yake kallo. Da ya yi masa magana a gefe, Baba ya sa shi ya rantse ba zai faɗa mata ba. Surutun nan duk don Baba ya san inda zai sa ƙafa ne.

"Ubana ne," ta ce. "Ka bar ni ina ɗaukar hoton ƙofofi."

Ta daina ɗaga wayarsa. Fushin ma rabinsa da kanta take yi, ita da ke kwana gida ɗaya da shi ba ta lura ba. Saƙo ɗaya ya turo bai ƙara ba:

"Ki yi fushi da ni, na cancanta. Amma kada ki yi da shi, 'Yar Baba. Tsoro yake ji."

Baba da kansa ya buɗe zancen, yana kwance da bandeji a ka. Ya ce ya so ya ƙarar da sauran ganinsa a kan ƙauyukan nan da kuma dariyarta. Sai ga tsofaffin bakin ƙofa, dishi-dishi yake hango su, amma ya gane kansa a cikinsu.

"Ba don ke na hana ba, Auta, don kaina ne. Duhu nake tsoro, ni kaɗai a gidan nan."

Ta fashe da kuka, ta ce ta fasa auren kowa, tana nan tare da shi. Ya ce wannan ya fi makantar ciwo, ta kira masa yaron nan.

Direba ya zo ya durƙusa a gaban gadon. Ya ce shi ma zaman baƙunta ya ishe shi, mota ko a gida ana tuƙa ta, kuma da 'yar da uban duka yake so. Baba ya amince, ya roƙi abu ɗaya, a yi da wuri, tun yana iya bambance fari da baƙi.

An yi saurin, Allah ya sani. Amma kafin direba ya ajiye aiki ya tattaro ya dawo, idon ya riga ya rufe.

Ranar ɗaurin aure aka shigo da ita ɗakin Baba cikin kwalliya, ango na biye. Baba ya ɗaga kai ya yi murmushi.

"Kai, masha Allah. Kin yi kyau, Auta."

Ta durƙusa ta kama hannunsa. "Baba, ya isa haka. Ba sai ka yi kamar kana gani ba."

Murmushin ya tafi a hankali.

"Ban gan ki ba, 'yata. Wallahi na so in gan ki."

Ya lalubo kanta ya dafa, ya miƙa ɗaya hannun, ango ya matso ya sa nasa kan a ƙarƙashinsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su zauna kusa da ku."

Duk ɗakin aka amsa da amin, ban da Auta, kuka ya hana ta.