Rubutun da Ke Ƙasan Takarda

Yarinyar ba ta manta ranar da ta fara ganin mai karɓar kuɗi ta asibiti ba. Dattijuwa ce mai sanyin murya, tabarau a kan hanci. Ranar aka yi wa ƙanenta aiki a hannu. Kuɗin ya fi ƙarfin Mama, aka yarda ta riƙa biya kaɗan-kaɗan har wata shida.

Dattijuwar ta miƙo takarda. Idon Mama ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ta ce, "Yayarsu, karanta mini duka."

Yarinyar ta karanta manyan layukan. Na ƙasa sun yi mitsi-mitsi, ga ƙafarta ta gaji da tsayuwa. Ta ce, "Shi ke nan, Mama." Mama ta sa hannu.

Duk ƙarshen wata ita ake aike da kuɗin. A wata na shida ta tafi da murna, a zatonta an gama. Dattijuwar ta duba kwamfuta, ta ce da saura. Ashe kowane biya akwai kuɗin hidima a kansa, kuma na wata shida sun taru. In Juma'a ta wuce ba a biya ba, za a ci su tara.

"A ina aka rubuta haka?" in ji yarinyar.

Dattijuwar ta miƙo mata takardar, ta ɗora yatsa a kan layukan da yarinyar ta tsallake.

Da yarinyar ta koma gida, ta cusa takardar cikin littafin lissafi. Kwana biyu abinci ba ya shigarta. A aji Malam ya kira ta sau uku ba ta ji ba.

Ƙanenta ya ce, "Yaya, in ba za ki ci ba, miƙo mini, ni hannuna ya warke."

Ko murmushi ba ta yi ba.

Ranar Laraba ta tsaya kusa da keken ɗinkin Mama. Ta faɗi komai. Keken ya tsaya.

"Rashin karantawa kuskure ne," in ji Mama. "Ɓoyewar fa? Da Juma'a ta wuce, me za ki ce mini?"

Washegari suka tafi tare. Dattijuwar ta ce tunda sun zo kafin lokaci, ofis zai ƙara musu mako guda ba tare da an ci su tara ba. Mama ta karɓi ƙarin ɗinki. Yarinyar ta riƙa sa maɓallai bayan makaranta har yatsunta suka yi ja. Ranar Litinin suka biya.

A hanya Mama ta ce mata a karanta takarda duka kafin a sa hannu, kuma kuskure in an ɓoye shi ƙaruwa yake yi.

Yarinyar ta riƙe hannunta. "Mama, na yi alkawari. Zan riƙa karanta miki har layin ƙarshe. In na yi kuskure kuma, ke za ki fara ji."