Lokacin Kano a Treichville

Ranar Litinin da hantsi wata mata ta shigo ofishin Sufeto Ja'afaru a kwamisariyar 'yan sanda ta Adjamé a birnin Abidjan, ta ajiye agogon hannu a kan teburinsa tun kafin ta zauna.

"Sunana Radiyya, 'yar marigayi Alhaji Gwadabe na unguwar Liberté. Wannan ba agogon mahaifina ba ne. An sauya mini shi."

Sufeton ya san sunan. Alhaji Gwadabe Bakano ne mai shigo da atamfa, wata uku ke nan da rasuwarsa. Ya ɗauki agogon ya juya shi. Tsohon ƙirar Suwizalan ne, irin wanda ake wanawa da hannu.

"Ta yaya kika gane, Hajiya?"

"Kullum bayan sallar asuba nake wana shi, kamar yadda Baba ya koya mini ranar da ya ba ni shi. Ɗan kunnen da ake murzawa, yatsan Baba ya cinye masa gefe ɗaya har ya yi sumul. Wannan kartar yatsana yake yi."

"Wa kike zargi?"

"Ni da ƙanena Nu'uman kaɗai ke da makullin ɗakin da nake ajiye shi."

Sufeton ya dubi agogon bango, ya dubi wanda Radiyya ta kawo. "Yana gaba da awa ɗaya."

"Haka Baba yake barinsa. Lokacin Kano ne. Wanda ya sauya shi ya kula har da wannan."

Da azahar aka kawo Nu'uman daga tashar jiragen ruwa inda yake aikin ofis. Ya rantse bai taɓa agogon ba, amma idonsa bai zauna wuri ɗaya ba. Sufeton ya ba da umarnin a tsare shi. Ya san idan takardar ta isa gaban mai gabatar da ƙara, aikin mutumin ya tafi, sunansa ma ya bi baya. Duk da haka ya sa hannu, domin ya ga masu irin wannan ido da yawa.

Ranar Laraba wani tela a layin gidan ya shaida cewa ya ga agogon a hannun Nu'uman ranar Juma'a. Sufeton ya sa aka fito da shi.

"Ka yi mini ƙarya."

Nu'uman ya sunkuyar da kai. "Chef, sau ɗaya na ɗaura shi. Na so in je masallaci da wani abu na Baba. Ita ya ba, ni bai bar mini ko hula ba."

"Sai me ya faru?"

"Na ga yana gudu, il avance, sai na gyara shi ya yi daidai da wayata. Na yi alwala da shi a hannu. Kafin a idar da salla raɓa ta taru a ƙarƙashin gilashin."

"Ka gyara shi? Ka mayar da shi lokacin Abidjan?"

"To wane lokaci kuma?"

"Na Kano."

Nu'uman ya ɗago kai. Fuskarsa ta nuna bai taɓa jin zancen ba. "Ba wanda ya taɓa gaya mini," ya ce a hankali.

"Wa ka kai wa?"

"Tonton, wato Kawu Ɗan Azumi, mai gyaran agogo a bayan babban masallacin Treichville. Aminin Baba ne. Ya ce in bar shi ya bushe. Da daddare na karɓo a naɗe cikin ƙyalle, na mayar da shi akwatinsa ban buɗe ba. Chef, kada ka sa tsohon nan cikin wannan magana. Shi ya yi mini huɗubar suna."

Sufeton ya haye gada zuwa Treichville da abu ɗaya a ransa. Agogo ya bar hannun Nu'uman a kan lokacin Abidjan, wanda ya dawo kuma yana kan lokacin Kano. Ya tuna sa hannun da ya yi ranar Litinin.

Shagon Ɗan Azumi ɗan ƙarami ne, bangonsa cike da agogo masu bugawa tare. Tsohon mutumin Damagaram ne, fari fat da furfura, gilashin gyara rataye a wuyansa. Duk da zafin ranar, ya saukar da hannun rigarsa na hagu har bayan tafi.

"Barka da aiki, Baba."

"Barka kadai, ranka ya daɗe. Agogo ne ya tsaya?"

"Na Alhaji Gwadabe nake nema."

"Allah ya jiƙan Gwadabe. Rabona da agogonsa tun yana kwance."

"Nu'uman ya ce ya kawo maka shi ranar Juma'a."

"'Ya'yan Abidjan! Hausa ma da ƙyar, balle gaskiya."

Sufeton bai musa ba. Ya tambaye shi yadda suka haɗu da marigayin, tsohon ya saki jiki. Mota ɗaya ta sauke su a Adjamé shekara arba'in da bakwai da suka wuce. Gwadabe ya bar mahaifiyarsa a Kano, shi ya sa ya ƙi taɓa hannun agogonsa, don ya riƙa sanin sa'ar da take tsayuwa salla. Ta rasu bai samu zuwa ba. Bai ƙara zancenta ba, bai kuma gyara agogon ba.

Sufeton ya miƙe kamar mai shirin tafiya. "Baba, ƙarfe nawa? Kada la'asar ta wuce ni."

Idon tsohon bai je bango ba. Ya ɗan ja hannun rigarsa ya leƙa.

"Biyar saura kwata."

Duk agogon da ke bango suna nuna huɗu saura kwata. Ɗan Azumi ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna.

"Ciro shi, Baba."

Tsohon ya kwance shi. Gefen ɗan kunnen ya yi sumul.

"Shekara arba'in da bakwai ina buɗe shi ina sa masa mai," in ji shi. "Sai ga shi an kawo mini da ruwa a ciki, an mayar da shi lokacin garin nan. Na ji kamar an sake binne Gwadabe. Ina da irinsa a aljihun tebur, na ce ba za su gane ba. Ban san hannuna ya sa wa wanda na ba su lokacin gida ba."

"An gaya maka an tsare Nu'uman?"

Tsohon ya rufe ido. "Tun ranar Litinin."

Sufeton bai sa masa ankwa ba. Ya jira ya kulle shagon, suka bi ta bayan masallaci inda babu jama'a.

A kwamisariya Radiyya na zaune a kan benci. Da ta gane agogon ta fashe da kuka, da ta gane wanda ya sauya shi sai kukan ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, na janye ƙarar."

"Ta riga ta bar hannunki, Hajiya. Mutum ya kwana biyu a tsare ba da laifinsa ba, kuma ni na tsare shi."

Ɗan Azumi ya juyo gare ta. "'Yata, idan kina wanawa kika ji ya yi tauri, ki tsaya. Kada ya kusanci ruwa. Bayan shekara huɗu ki kai shi a sa masa mai, wurin mai tsoron Allah."

A lokacin aka fito da Nu'uman, rigarsa ta ofis duk ta yamutse. Ya tsaya gaban tsohon.

"Tonton, ka san ina nan?"

"Na sani."

"Na ɓoye sunanka kwana biyu."

"Na sani, ɗana."

Wani ɗan sanda ya kama gwiwar hannun tsohon ya shige da shi ciki. Radiyya ta miƙe, ta kira ƙanenta da sunan da take kiransa suna yara. Nu'uman ya karɓi wayarsa da makullansa a wurin mai tsaron ƙofa, ya raɓa ta gefenta ya fita titi, bai waiwayo ba.