Karatun Filafilin Malama Yasira

Ku yi mini afuwa, masu karatu, ban kai a kira ni marubuciya ba. Labarin ne ya tsaya mini a wuya, ya ƙi haɗiyuwa.

Ranar da aka ƙwace wa Malama Yasira ajinta, a bakin tafki aka same ta, ƙafafunta cikin jiƙaƙƙen yashi, yara talatin zaune a jere gabanta. Ƙaramar firamare ce a wani ƙauye kusa da Wara. Yasira marainiya ce. Ruwan nan ne ya ci mahaifinta masunci tana 'yar shekara bakwai, innarta ta bi shi bayan damina biyu, ta tashi a gidan baffanta tana gyaran kifi, har Allah Ya nufe ta da karatun malanta. Ɗalibanta 'ya'yan masunta ne, da yawansu ba Hausa suke yi a gida ba, sai ta samo musu dabara. Ta jera su kamar suna cikin kwalekwale, ta rubuta kalma a yashi, kowace gaɓa su ja filafili sau ɗaya, hannu na tuƙi baki na faɗa. Idan iska ta taso ruwa ya yi ta ƙyalli, sai ta ga kamar da gaske tafiya suke, ita ce a gaba, mahaifinta na can tsallake yana murmushi... Kafin zango biyu, ɗalibanta 'yan aji uku sun fara karanta wa iyayensu takardar asibiti.

Amma kash! Murja ɗiyar baffanta, wadda ita ma malama ce a makarantar, abin ya tsone mata ido. Ta rubuta ƙara zuwa ofishin ilimi cewa Yasira wasan ƙasa take yi da 'ya'yan mutane. Sannan ta tare ta a gaban malamai ta ce, “Ke ma har malama ce? Ke da kika tashi wurin bandar kifi, mi kika sani game da alli? Ƙarni ne kawai ke bin ki har aji.”

Aka yi dariya. Hedimasta ya miƙa wa Murja aji uku, ya tura Yasira aji ɗaya, ya hana ta zuwa bakin ruwa. Ya kuma gaya mata sufeto na tafe saboda ƙarar, in ta tabbata to ta bar aiki ke nan.

Wayyo Yasira! Ba ƙwace ajin ne ya karya ta ba, yarda da ta yi da maganar Murja ce. Ta riƙa wanke hannu sau uku kafin ta taɓa alli, tana shinshina mayafinta a ɓoye. A aji sai ta juya wa yara baya tana rubutu, muryarta can ƙasa kamar mai neman gafara. Yaran suka yi ta hamma, wata biyu ba wanda ya haɗa baƙi da wasali. Ita kuwa ta ce a ranta, ashe Murja gaskiya ta faɗa. Kowace sallah sai ta jiƙa dardumarta da hawaye tana cewa, “Ya Allah, in ban cancanta ba, kada Ka bar 'ya'yan mutane su lalace a hannuna...”

Ran Talata sufeto ya iso, dattijo Malam Yohanna. Ya shiga aji ɗaya, ya fito yana girgiza kai. Da ya shiga aji uku kuwa, yara suka yi ta karatu tiryan-tiryan, Murja na gefe tana gyara ɗaurin ɗankwali, tana cewa aikin wata biyu ne kacal. Sai dai dattijon ya lura da wani abu: duk yaron da ya miƙe, hannunsa na dama na kai da komo a ƙarƙashin benci. Ya tambayi Murja mene ne wannan. Ta ce ɗabi'ar ƙauyanci ce, ta yi duka har ta gaji sun ƙi bari.

Wata yarinya mai suna Rebecca ta ɗaga yatsa. “Ranka ya daɗe, tuƙi muke. Malama Yasira ta ce kalma ruwa ce, in ka ja filafili sai ka ƙetare.”

Dattijon ya zaro takardar ƙarar, ya dubi sa hannun da ke ƙasa, ya dubi Murja. A ranar aka cire ta daga aji, aka ce ta je ofis ta amsa tambaya kan ƙaryar da ta rubuta. Hedimasta ya yi ta sharce gumi. Sufeto ya ce a mayar wa Yasira yaranta, aji ɗaya ma a kai su bakin ruwa. Yasira na laɓe bayan taga, ta ji komai.

Ana ta cigiyarta don a yi mata barka, ita kuwa tuni ta zame ta bayan makaranta. Ta durƙusa a bakin tafki tana kuka, ta sa yatsa a yashi ta rubuta: Malama Yasira. Ta karanta da ƙarfi, hannunta na tuƙi, ba ta goge ba.

Ni ma bari in ajiye biro in sulale, tun kafin wani ya waiwayo.