Jan Katin Makunni na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina auna wutar manyan jiragen sama. Ban yi nisa a boko ba, amma na san allurar mita. Jirgi mai lafiya, wayoyinsa uku kowacce ɗari da sha biyar take nunawa. In an kashe wuta, sai allurai su kwanta.

Ƙa'idarmu ɗaya ce. Mai shiga cikin wayoyi sai ya rataya jan kati mai sunansa a makunni. Ba mai cirewa sai shi.

Ran nan dab da magariba aka turo mana wani tsohon jirgin kaya cikin rumfa. Injinansa huɗu a kashe. Da hannuna na zare kebul, na cire batir. Autanmu, wanda muke aiki tare, ya ga wani kati a makunni na huɗu. Ya koɗe, ba suna.

"Yaya, wannan ai ya girme ka," ya ce. Ya tsinke shi ya yar, ya rataya nasa.

"Mai da shi."

"Mai shi ya zo ya yi magana."

Ya sauka ramin wayoyi, ƙarƙashin ɗakin matuƙa. Na zauna gaban mita.

Sai wata siririyar ƙara ta taso, irin ta jirgi mai wuta. Warin ƙonanniyar roba ya biyo.

Allura ta farko ta ɗaga. Ta biyu ta bi ta. Suna hawa suna sauka a hankali, kamar ƙirjin mai barci.

"Auta," na ce ƙasa-ƙasa, "wace waya ce a hannunka?"

"Ta uku."

Allura ta uku ta fara rawa.

"Sake ta."



"Yaya, an riƙe min hannu."

Na lalubo tsohon katin a ƙasa. Da ɗumi, kamar tafin mutum. Na ɗaure shi a wurinsa.

"Ka yi haƙuri," na ce wa mai katin. "Ba mu san kana aiki ba."

Allurai suka kwanta.

Da wuyan riga na jawo Auta. A tsintsiyar hannunsa akwai shatin ƙuna guda uku. Har yau hannun ba ya riƙe filaya.

Nasa katin kuwa, mai sunansa, mun neme shi mun rasa. Jirgin ya tashi bayan kwana biyu.

Yanzu duk magariba Auta yakan katse magana, ya juya, ya ce, "Na'am?"